Baba Sitati da Warin Ɗakin Ƙasa

Kafin ka ga Baba Sitati, ƙamshinsa kake fara ji. Ba turare ba ne, don bai taɓa yarda da turare ba. Ƙamshin sabulu ne da ya haɗu da na tufa mai zafi, irin wanda ke tashi idan dutsen guga ya hau rigar da aka yayyafa wa ruwa. Tun yana saurayi yake wanki da guga, har gashin kansa ya koma kalar kumfar da ya ƙare rayuwarsa a cikinta. Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓacewa a bakin mutanen layi. Sitatin da yake zuba wa kaya shi ya bi shi ya zama suna. Masu tsokana sukan ce rigar da ta bi ta hannunsa, in ka ajiye ta a ƙasa, tsayuwa take yi da kanta ta gaishe ka.

Gidansa ɗan ƙaramin bene ne a ƙarshen layi. Ɗakunan kwana suna sama. A ƙasa akwai falo, da kicin, da bayan gida, sai ɗakin wanki da ke kallon tsakar gida inda igiyoyin shanya suke. A ɗakin nan ya yi kusan duk rayuwarsa, tsakanin manyan bahuna biyu da teburin guga. Daɓen simintin ɗakin an ɗan karkata shi zuwa kusurwa ɗaya, inda wani ɗan makwarari mai murfin ƙarfe ke shanye ruwan wanki. Daga nan ruwan kan bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗa sokawe, wato babban ramin da aka gina a bayan gida aka rufe da siminti, inda ruwan gidan da ƙazantarsa duka suke taruwa. Baba bai taɓa tunanin ramin nan ba. Shi dai ya san yana zuba ruwa, ruwa yana tafiya.

Wanki ya koya masa abin da mutane ba sa faɗa. Ya san gumin direba, ya san na malamin makaranta da ƙurar alli a bakin hannun riga. Ya san wanda ke shan taba a ɓoye wa matarsa. Bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa kowa ba. Akwai kuma wani sani mai nauyi da ya ajiye can ƙasan zuciyarsa. A da can yana yi wa wani dattijo mai sayar da takalma wanki. Wata shekara sai rigunan dattijon suka fara zuwa da wani wari da sabulu ba ya iya masa. Baba ya jiƙa, ya dafa, ya shanya a rana, warin yana nan. Kafin shekarar ta juyo, aka daina kawo rigunan, mai su ya rasu.

Ranar da ya faɗi, babu wani abin mamaki da ya faru. Ruwan sabulu ne ya kwashe masa ƙafa, kamar yadda ya sha yi, sai dai wannan karon ƙashi ya tsufa. Ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sa ƙarfe, likita ya ce shi da hawa bene sai wani lokaci.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Babba, shi ya shirya masa wurin dawowa. Ya fitar da bahuna da teburin guga daga ɗakin wanki, ya yi fenti, ya sa labule. Ya sayo kafet mai kauri ya shimfiɗa daga bango zuwa bango, don kada ƙafar uban ta ƙara taɓa simintin da ya kayar da shi. Ya tura gadon can kusurwa, nesa da iskar taga. Sannan ya kafa doka.

"Inna, ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ƙasan ɗakin nan," ya ce wa uwarsa. "Ruwa ya kayar da shi sau ɗaya, ya isa."

Inna ta riƙe dokar nan da hannu biyu. Ko shayi za ta kai masa, sai ta sa faranti a ƙarƙashin kofin. Wanka kuwa, a bayan gidan da ke kusa take zaunar da shi kan kujerar roba ta yi masa. Ɗakin da bai taɓa wuni a bushe ba tun da aka gina shi, ya bushe ƙayau.

Makonnin farko sun wuce lafiya. Maƙwabta suna shigowa, ana hira, Baba yana duban wuyan rigunansu yana girgiza kai. Sai wata safiya wari ya shigo.

Da farko ɗan kaɗan ne, kamar baƙon da ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kunya. Daga baya ya samu wuri ya zauna. Wari ne mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, mai nauyi, wanda ke kwanciya a bayan harshe. Ya fi tashi da safe, lokacin da mutanen gida ke wanka da shiga bayan gida. A daidai lokacin ne kuma Inna ke buɗe masa ciwon ta canja bandeji.

"Mushen ɓera ne," in ji Inna. Ta leƙa ƙarƙashin gado da tsintsiya, ba ta ga komai ba sai kafet mai tsabta. Ta kunna turaren wuta. Turaren ya hau kan warin, warin ya hau kan turaren, suka zama abu ɗaya da ya fi kowannensu muni.

Babba ya zo ya shaƙa, ya ce sokawe ne ya cika. Ya kira masu motar yashe rami. Suka zo da ƙatuwar tankarsu da tiyo mai kaurin cinya, suka ɗaga murfin siminti, suka zuƙe ramin tas. Ranar duk layin ya san abin da ake yi a gidan. Baba yana kwance yana jin rurin injin, zuciyarsa tana cewa to, yau za a rabu.

Washegari da safe warin ya dawo, har ya fi na da.

Daga ranar nan Baba ya shiga lissafi. An kwashe rami, an share ɗaki, an wanke zanin gado. Me ya rage a ɗakin? Ya ɗaga hannun rigarsa ya shinshina, ya ji shi. Ya juya matashin kai, ya ji shi. Sai ya tuna da rigunan mai takalma.

Ya fara lura da abin da bai lura da shi ba a da. Mai kantin da ke bakin layi, wanda kan zauna har shayi ya huce, yanzu a tsaye yake gaisuwa. Wata maƙwabciya ta ja gefen mayafinta ta kai hanci, kamar tana gyara shi. Babu wanda ya ce komai. Shi ma ai haka ya yi wa mutane duk rayuwarsa: ya ji, ya yi shiru. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwo yana warkewa da kyau, sai Baba ya kalli fuskar Babba yana neman abin da suka ɓoye masa.

Ya ce a daina shigo masa da baƙi. Ya rage cin abinci. Sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu da aka ba shi don ya riƙa koyon tafiya ta zama wurin rataya tawul.

Ana cikin haka Auta ta bugo waya. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aure a wani gari mai nisa, kuma ta haihu yana asibiti. Bai taɓa ganin jaririyar ba sai a hoton waya.

"Baba, mun yi ƙwari. Ƙarshen mako muna hanya, ni da amaryarka. Ka shirya mata riga mai sitati."

"Kada ku zo."

"Na'am?"

"Na ce kada ku zo yanzu. Hanya ba kyau. Ku bari tukuna."

Ya miƙa wa Inna wayar ya juya fuskarsa bango. Inna ta lallashi 'yarta, ta kashe wayar, ta zauna a bakin gado. Rana ta yi tsaka, hasken labule ya kwanta a kan ƙafafunsa.

"Malam, yarinyar nan kuka take yi. Me ta yi maka?"

Ya juyo da fuskarsa daga bango.

"'Yar tsohuwa, ki daina wahalar da turarenki," ya ce a hankali. "Ba rami ba ne. Ni ne. Na san warin nan, na taɓa wanke shi a rigar wani. Ba zan bari a ɗora min jaririya a ƙirji ta fara sanin kakanta da wannan ba."

Inna ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne. Amma ita ma ta ji shi a rigunansa lokacin da take wankewa, ta ji shi a gashin kansa, kuma ta sha tsayawa a kicin tana share ido da bayan hannu. Ta tashi, ta yafa mayafi, ta tafi neman Sifana.

Sifana mai gyaran famfo ne, tsaran ƙanen Baba, gajere mai faɗin kafaɗa. Shekaru suna tsokanar juna a layin nan, don Baba bai taɓa ganin rigar Sifana ba tare da tabon tsatsa ba, Sifana kuma bai taɓa kawo masa ita ba. Ya iso da yamma da jakar kayan aikinsa, ya tura ƙofar ɗakin ba tare da jiran izini ba.

"Yaya Sitati! An ce ka hana mutane ganinka. Ni ai ba mutum ba ne, ka sha faɗa."

"Fita min da wannan tsumman daga kan kafet."

"To, da sauran ransa," Sifana ya ce wa Inna. Sannan warin ya same shi, ya ɗan runtse ido, bai ɓoye ba. "Kai! Wannan ai na gidanmu ne. Da shi nake karyawa kullum."

Ya fara da bayan gidan da ke kusa. Ya girgiza mazaunin ya ga ko ya saki daga ƙasa, ya same shi daram. Ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, ya shafa bututun, babu yoyo. Ya ɗauko tsani ya hau rufi, inda wani siririn bututu ke fitar da iskar sokawe sama. Ya sauko da guntun sheƙar tsuntsu a hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Ga ɓarawon! Tsuntsu ya toshe wa rami hanci, dole ya yi numfashi ta cikin gida. Gobe ku gaya min."

Gobe ta yi, Inna ta gaya masa. Warin yana nan.

Sifana ya dawo da sassafe, ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana sosa ƙeya. Babba ma ya zo kafin ya wuce aiki.

"Gaskiya ni dai ban gane ba," in ji Sifana. "Ɗakin nan ba famfo, ba bututu, amma shi ya fi ko'ina. To, ni in abu ya gagare ni, kwashe kaya nake yi ɗaya bayan ɗaya, har mai laifi ya rage shi kaɗai. Babba, kama."

Suka fitar da kwandon shara. Suka fitar da kwalaben magani, da takalma, da labule. Suka cire zanin gado da matasan kai. Duk abin da aka fitar, Sifana sai ya kai hanci, ya ce wannan ya ɗauka ne kawai, ba shi ya haifa ba. Baba yana zaune a kan kujera yana kallon ɗakin yana yin fili, yana jin da'irar tana matsowa kusa da shi. Da aka fitar da katifa, sai Sifana ya juyo ya dubi Baba.

"Yaya," in ji Sifana, "saura kai."

Inna ta dafe ƙirji. Babba ya ce, "Haba, Kawu Sifana."

"Ku bar shi," in ji Baba. "Gara a sani. Ku ɗauke ni."

Suka ɗaga shi da kujerarsa suka kai shi tsakar gida, ƙarƙashin igiyoyin shanya. Sifana ya ce a cire masa rigar da ta kwana a ɗakin. Inna ta hau sama ta buɗe akwatinsa, ta sauko da wata farar riga da shi da kansa ya goge kafin ya faɗi. Tana nan a ninke, da ƙarfinta, karin gugar bai kwanta ba. Da ta warware ta, sai ta yi ɗan ƙara irin na busasshen ganye. Baba ya sa hannu a ciki kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

Sifana ya rufe taga da ƙofar ɗakin, ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Ya ce wa Babba ya hau sama ya kora ruwa a bayan gida, ya sake korawa, ya buɗe famfon wanka. Sannan ya zauna a kan bokiti ya ce a ba shi shayi.

Suka jira. Iskar safe tana kaɗa igiyoyin da babu kaya a kansu. Baba ya ɗora hannuwansa a gwiwa bai kalli kowa ba.

Da Sifana ya shanye shayinsa, ya je ya buɗe ƙofar. Bai ko shiga ba. Ya ja da baya yana tari, yana kaɗa hannu a gaban fuska. Babba da ke bayansa ya toshe hanci da gwiwar hannu. Warin ya fito tsakar gida kamar an buɗe wa dabba keji.

Sifana ya dawo wurin Baba. Ya sunkuya ya shinshina wuyansa, ya shinshina kansa, ya ɗaga masa hannu ya shinshina hammata, kamar mai sayen kankana.

"Sitati," ya ce. "Da man zafi. Sai ɗan tsufa, shi kuma ba ni da sifanar da ke kwance shi."

Inna ta matso ta sa fuskarta a kafaɗar mijinta ta ja numfashi mai tsawo. Ba ta ɗago da wuri ba. Da ta ɗago, farar rigar ta jiƙe a wurin.

"Kin ɓata min guga," in ji Baba. Ya kalli ƙofar ɗakin. "To, in ba ni ba ne, wane ne? Ba abin da ya rage a ciki sai ƙarfen gado da..."

Ya tsaya. Idonsa ya tafi kusurwar da gadon yake.

"Ku ja gadon nan. Ku ɗaga kafet ta kusurwa. Akwai makwarari a wurin."

"Makwarari?" in ji Sifana. "A ɗakin kwana?"

"Ɗakin wanki ne, kai. Ina kake tsammani ruwana yake zuwa? Da ka taɓa kawo rigarka, da ka sani."

Suka ja gadon, suka naɗe kafet. Ga shi nan, ɗan murfin ƙarfe mai ramuka, ya yi fari da tsohon sabulu. Bayan kafet ɗin a daidai wurin ya yi duhu. Sifana ya cire murfin, ya haska tocila, ya zura wani siririn kara. Karan ya fito a bushe.

Ya kawo wa Baba karan har tsakar gida ya nuna masa.

"Ka ga, a ƙarƙashin kowane makwarari bututun yana da gwiwa, ya lanƙwasa ƙasa ya sake hawa. Ruwa kan kwanta a gwiwar nan. Ɗan ruwan nan shi ne ƙofa. Muddin yana nan, iskar sokawe ba ta da hanyar hawowa. In aka daɗe ba a zuba ba, sai ya ƙafe, ƙofa ta buɗe. Kai kuma aka ɗora maka kai a bakinta."

Baba ya juya karan a hannunsa.

"Ban taɓa jin ya yi wari ba. Ko sau ɗaya."

"Yaushe ka taɓa barinsa ya ji ƙishirwa?"

Baba ya yi dariya, ta farko tun da ya dawo daga asibiti, har ya dafe ƙugu. "Ashe duk shekarun nan gadi nake yi, ba wanda ya gaya min."

Babba yana tsaye da kafet a hannu, kansa a ƙasa. "Baba, ni na rufe shi. Ni na hana ruwa."

"Kai ka hana ni sake faɗuwa, kuma ban sake ba. Ajiye wannan ka kawo min buta."

Sifana ya ce in ana so zai iya toshe makwararin da siminti a huta gaba ɗaya. Baba ya ce kada ya kuskura. Ya sa aka ɗauko sandar ƙarfen, Inna ta cire tawul ɗin da ke rataye a kan sandar. Ya miƙe. Ya taka a hankali, Babba yana gefensa, daga inuwar igiyoyi har kusurwar ɗakin. Ya karkata butar. Ruwan ya sauka da wannan ƙaran da ya sani tun yana da baƙin gashi, ƙul-ƙul-ƙul, sannan ya yi shiru ya kwanta. Sifana ya bi da cokalin man girki a kai, ya ce yana hana ruwan saurin ƙafewa.

Aka buɗe taga. Aka shanya katifa da kafet a rana, igiyoyin suka sake ɗaukar nauyi. Kafin la'asar ɗakin ba ya warin komai sai fenti. Babba ya yanke kafet ɗin a kusurwa, aka mayar da gadon kusa da taga. Tun daga ranar, kowace safiya Baba kan tashi ya kama sandarsa ya kai wa makwararin ruwansa, ko da yake Sifana ya ce ba sai kullum ba. Inna ta ce tafiyar da likita ya yi ta roƙo a yi, ga rami ya sa an yi.

A yammacin ranar ya ce a kira masa Auta.

"Hanyar ta gyaru," ya ce mata.

"Cikin kwana biyu, Baba?"

"An zuba mata ruwa. Ku taho."

Suka iso ƙarshen mako da hantsi. Baba yana zaune a bakin gado cikin farar riga, taga a buɗe, mai kanti yana kan kujera shayinsa ya daɗe da hucewa. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗora masa jaririyar a ƙirji. Ya sunkuyar da kai ya sa hanci a tsakiyar kanta, inda fata ke bugawa a hankali, ya daɗe a haka. Jaririyar ta juyo da fuska ta tura ɗan hancinta cikin wuyansa, ta lafe.

"Wa ya goge mata wannan rigar?" ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ce, Baba."

"Haka na zata."

Jaririyar ta yi miƙa, ta yi gyatsa, ta mayar da nonon da ta sha a kan karin gugarsa, tun daga kafaɗa har aljihu. Auta ta zabura tana neman tsumma tana ba da haƙuri. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Bar ta," ya ce. Ya shinshina kafaɗarsa, ya gyaɗa kai. "Wannan na san maganinsa. 'Yar tsohuwa, ina kuka kai min bahuna?"